Kaskon Ƙosai da Lagireton Baƙin Mai

Goggona ta yi shekaru tana suyar ƙosai a ƙofar gida, kuma ban taɓa ganin ta jefa ƙullu a kasko ba tare da ta fara gwada man ba. Takan yanki ɗan siririn albasa ta saka. In albasar ta nutse ta kwanta shiru a ƙasan kasko, sai ta tura itace, ta ce mini, "Ɗan nan, ɗauko mafici." In kuwa ta yi tsalle nan take ta soma baƙi, sai ta janye itace guda ta soke bakinsa cikin toka, ta ɗan jira. Ƙosan da aka jefa a man da bai yi zafi ba shan mai yake yi, ya fito a kwance, da nauyi, yana naso a takarda. Wanda aka jefa a man da ya wuce kima bayansa ne ke ƙonewa cikinsa ɗanye, man kuma ya yi duhu, ya yi kauri, ya soma ƙauri, gobe ba ya moruwa. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani ɗan fili, a nan take tsayar da wutarta tun daga sallar asuba har hantsi.

Wannan kaskon nake tunawa duk lokacin da na ji gardamar da masu tsofaffin motocin gudu suka daɗe suna yi, musamman masu MGB ta Ingila: shin a bar ɗan lagireton da masana'anta ta sa don sanyaya baƙin mai, ko a cire shi a huta?

MGB ƙaramar mota ce da aka riƙa ƙerawa a garin Abingdon, kusa da Oxford, daga 1962 zuwa 1980. An yi fiye da rabin miliyan, kuma mafi yawansu Amurka aka kai. In ka ɗaga bonet ɗin na shekarun farko, a gaban babban lagireton ruwa za ka ga wani ƙarami mai layi-layi, da tiyo biyu da suka taso daga jikinsa suka nufi inji. Baƙin mai na fitowa daga famfo da zafinsa, ya bi tiyo ɗaya, ya ratsa layukan nan iska na dukansa, ya komo ta ɗayan zuwa filta. Aikinsa ke nan, janye itace daga murhu. Da farko ba kowace motar da aka sayar a cikin Ingila ke zuwa da shi ba, sai wanda ya nema. Daga 1964, lokacin da aka sake fasalin injin, ya zama kowa da nasa. Ba don ado aka yi haka ba. An buɗe babbar hanyar M1 a 1959, kuma sai a ƙarshen 1965 aka sa iyakar gudu ta mil 70 a sa'a. Kafin nan, mutum na iya take totur ya riƙe shi awa guda bai sassauta ba. Ko a mil 70 ɗin ma, injin MGB da ba shi da ƙarin giyar tafiya mai nisa yana juyawa kusan sau 4,000 a minti. Ga shi baƙin man wancan zamani ba ya jure wuta kamar na yau. Injiniyoyin sun ga kasko a kan wuta mai ƙarfi, sai suka tanadi hannun da zai rage ta.

Matsalar ita ce hannun nan ba shi da ido. Ba ya jefa albasa. Da asuba cikin sanyin Ingila, da tsakar rana a hamadar Arizona, aikinsa ɗaya ne, yana ta janye itace ko wutar ta kama ko ba ta kama ba.

Mu da muka taso a ƙasar zafi, tsoronmu duk yana gefe ɗaya. Mun san abin da zafi ke yi wa inji, mun ga mota a gefen titi tana tururi, shi ya sa har yau akwai garejin da in ka kai mota abu na farko da bakanike zai ba ka shawara shi ne a cire tamostat ɗin ruwa, wai na ƙasar sanyi ne. Ɓarnar sanyi ba ta hayaƙi, don haka ba a ganinta. Amma tana nan. Duk litar fetur da inji ya ƙona tana haifar da ruwa kusan lita guda. Mafi yawansa salansa ke fitar da shi, shi ne ɗigon da ake gani da safe, amma wani yakan silale ta gefen fistin ya gangara cikin mai, tare da ɗan fetur ɗin da bai ƙone ba. Hanyar korar su ɗaya ce, man ya yi zafi sosai, ya kai wajen digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos, ya kuma daɗe a nan har su tashi su zama tururi. Duk wadda ta taɓa ɗora man da ruwa ya ɗiga a ciki ta san wannan: sai ya gama tartsatsi da ƙara ya yi shiru, sannan ya zama man suya. Man injin da kullum ake hana shi kai wannan zafi ba ya gama tartsatsinsa. Ruwan ya zauna, ya haɗu da dattin ƙuna ya zama tsami mai cin ƙarfe. Buɗe murfin zuba mai na irin wannan motar, za ka tarar da wani farin abu mai yauƙi ya manne a ciki kamar kindirmon da ya kwana.

Sai kuma kauri. Man da waɗannan tsofaffin injuna ke sha mai nauyi ne, irin 20W-50. Da sanyi yakan yi kusa da abin da manja ke yi da hunturu, lokacin da yake barci a kwalba sai an kai shi bakin murhu kafin ya zubo. Mai a wannan hali ba ya saurin isa lungunan da ake bukatarsa, famfo na wahala, inji na ja da ƙyar. To yaya rayuwar yawancin MGB take a yau? Mai ita ya kusa tsufa ko ya tsufa, yakan fito da ita ranar Lahadi in gari ya yi kyau, ya yi tafiyar minti ashirin ya sha shayi ya dawo. Ruwan lagireto kan yi zafi cikin 'yan mintuna, allura ta hau tsakiya, ya ɗauka komai ya daidaita. Alhali mai ya fi ruwa nawa wajen ɗaukar zafi, ga kuma wani abu a gaba yana ta fifita shi. Ya koma gida da ƙosan da ya sha mai.

Masu cewa a cire suna da wata hujjar da ta fi wannan tsoratarwa, kuma ina ganin gaskiyarsu. Tiyo biyun nan roba ce, mai na bi ta cikinsu da matsi mai ƙarfi. Roba na tsufa daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. In ɗaya ta fashe a kan hanya, man injin duka, da bai wuce lita 4 zuwa 5 ba, zai iya ƙarewa a kan kwalta kafin direba ya lura da geji, inji ya buga. Shi kansa lagireton yana gaba, inda tsakuwa ke samunsa, kuma yana tare wa babban lagireton wani ɓangare na iska. Tun da masana'anta ta taɓa fitar da motoci ba tare da shi ba, akwai ɗan gajeren bututun da ke haɗa inji da filta kai tsaye, a ɗaura shi magana ta ƙare.

Duk da haka ba na tare da wanda zai ɗauki sifana don kawai ya ji an ce man zamani ya fi na da. Ya fi, ba musu. Amma mai ba ya daina lalacewa da zafi. Masana man inji suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa in zafi ya wuce kima, duk ƙarin digiri 10 na ninka saurin lalacewar mai. Man gargajiya da ya daɗe sama da digiri 120 zuwa 130 yakan tsinke kamar ruwa yana cikin aiki, matsinsa ya faɗi, daga baya ya bar baƙin dasƙararren datti a jikin ƙarfe, irin wanda ake kankarewa a gindin tsohon kasko. Motar da ke hawan duwatsu da rani, ko ake shiga gasa da ita, ko take zaune a garin da zafin inuwa ke haura digiri 40, kamar Phoenix a watan Yuli ko Sakkwato a watan Afrilu, ba ita ce motar Lahadin Oxford ba, ko da a rana ɗaya suka fito daga Abingdon.

Akwai ma motocin da tambayar ba ta taso a kansu ba sam. Porsche 911, tun daga 1964 har 1998, ba ta da ruwa a injinta. Iska da mai ne ke ɗauke zafin, shi ya sa wasunsu ke cin fiye da lita 10, kuma tun 1969 aka ƙara wa samfurin 911S wani lagireton mai a gaba, cikin mazaunin tayar dama. Mazda RX-7, da ta fito a 1978, injinta ba fistin ne da shi ba, wasu ƙarafa ne masu kusurwa uku ke juyawa a ciki, kuma mai ake fesawa a cikinsu don kada su gasu. Cire lagireton mai daga waɗannan daidai yake da ɗora kasko a kan wutar maƙera. Ko Volkswagen ɗin nan mai ƙusumbi da iyayenmu suka hau, wadda aka riƙa haɗawa a Legas, tana da nata a ɓoye cikin gidan fanka. Da yake iskar da ta bi ta kansa ta riga ta ɗumama kafin ta isa silinda ta 3, wannan silindar ta yi suna wajen ƙonewa, sai a 1971 kamfanin ya matsar da lagireton gefe ya ba shi hanyar iskarsa daban. Matsar da shi suka yi, ba su jefar ba.

Abin da ya ja hankalina a tsarin Porsche shi ne sun sa wa lagireton gaban nan tamostat. Wato sun ba hannun ido. Ƙaramin abu ne, a cikinsa akwai wani irin kaki da ke kumbura in ya ji zafi. Muddin mai bai kai wajen digiri 80 ba, yakan juya shi ya koma inji ba tare da ya bi ta iska ba. Da ya kai, sai kakin ya tura ƙofa ta buɗe. Ana sayar da irinsa da za a iya ɗaura wa MGB a tsakanin tiyo biyun, kuma a ganina nan ne mafita ga mafi yawan masu wannan gardama. Da sanyi itacen na cikin murhu, da zafi a janye shi, kamar dai yadda Goggo ke yi. Wasu da ba su son ƙarin mahaɗa, don kowace mahaɗa wurin yoyo ce, sukan rufe fuskar lagireton da kwali ko faranti da hunturu su buɗe da bazara. Dabara ce mai kyau matuƙar mutum ba mai mantuwa ba ne.

Kafin duk wannan, a jefa albasa. Gejin da ke gaban direban MGB zafin ruwa da matsin mai yake nunawa, ba ya faɗin zafin man. A sa gejin zafin mai, ko a nemi ɗan ma'aunin nan mai kama da bindiga da ake haskawa a jikin ƙarfe, a yi irin tafiyar da aka saba yi, ba wadda ake mafarkin yi ba, a tsaya a auna gindin inji. In bayan rabin awa man bai haura 70 ba, lagireton na cutar da motar, a sa masa tamostat ko a sauke shi. In yana wasa tsakanin 90 da 110, a ƙyale komai yadda yake. In yana leƙa 120 a hanya mai tsawo, to ko tunanin cirewa kada a yi, a duba ma ko layukansa sun toshe da ƙura da ƙwari.

Wanda ya zaɓi ya bar shi, ya ɗauki nauyin tiyo. In bai san shekarunsu ba, ya ɗauka sun tsufa ya canza, ya kuma tabbata ba sa gogar ƙarfe a inda suka ratsa. In kuma injin ya taɓa bugawa aka sake ɗaure shi, kada a mayar da tsohon lagireton komai kyan da ya yi a ido. Garin ƙarfen da ya ɓarɓashe yakan maƙale a cikin siraran layukan nan, wanki ba ya fitar da shi duka, sai ranar da mai ya yi zafi ya kwaso shi ya kai wa sabon inji. Goggo ma in ƙosai ya ƙone mata, ba ta zuba sabon mai a kan baƙin gutsattsarin da ya rage. Takan sauke kaskon, ta juye, ta goge shi tas da tsumma, sannan ta mayar kan wuta.

Wanda kuwa ya sauke nasa, ya tsiyaye man da ke ciki, ya toshe bakunan biyu don kada ƙura ta shiga, ya naɗe shi ya ajiye tare da ƙusoshinsa. Waɗannan motoci sun fi masu su tsawon rai, kuma ba wanda ya san garin da mai saye na gaba zai kai ta.