Fatsar Dare a Bakin Gaɓa: Me Ke Kawo Tarwaɗa Ruwa Marar Zurfi?

In ana zancen su a jihar Jigawa, hankalin kowa Haɗeja da Guri da Kirikasamma yake tafiya. Ba kasafai ake tuna ƙasar Kazaure ba, ƙasar duwatsu da jigawa. Amma tun da aka shiga aikin datse koguna a tsohuwar jihar Kano, zamanin Gwamna Audu Baƙo wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ruwa ya fara samun wurin kwana a wannan yanki. Ga dam ɗin Ayuba a garin Kazaure, ga dam ɗin Gari ta wajen Kunchi, ga na Tomas da mutanen Ɓaɓura ke maƙwabtaka da shi ta ɓangaren Ɗambatta. Ban da su, akwai ƙoramu da tafkunan da damina ke cikawa a ƙauyukan Roni da Gwiwa. Inda ruwa ya zauna kuwa, kifi ba ya jiran gayyata.

Wanda ba shi da kwalekwale, ba shi da kuɗin sayen kalli ko birgi, sau da yawa yakan ɗauka rabonsa bai wuce 'yan ƙananan karfasa ba, don a zatonsa manyan kifaye na can tsakiyar ruwa. Da rana gaskiyarsa ce. Gaɓa da rana wurin hayaniya ce: masu wanki, masu ban ruwan shanu, yara 'yan wanka, ga zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya yana dako. Hausawa sun daɗe da cewa kifi na ganinka mai jar koma. Amma da an yi sallar isha'i ƙafa ta ɗauke, lissafi ya juya. Abincin tarwaɗa duk a gefe yake taruwa: kwaɗi, ƙwari da suka faɗa ruwa, tana da ruwan sama ya wanko, da 'ya'yan kifi da suka fake cikin ciyawa. Karfasa mai kiwon rana ce, dare na yi sai ta lafe. Lokacin ne tarwaɗa ke tasowa daga zurfi ta biyo gaɓa, har ruwan da bai kai gwiwa ba.

Ba da ido take farauta ba, idanunta 'yan mitsi-mitsi ne. Gashin bakin nan guda 8 da ke kewaye da bakinta su ne makamanta, da su take laluben ƙasa tana ɗanɗanar abin da ta taɓa. Akwai kuma wani siririn layi da ya bi gefen jikinta daga kai zuwa wutsiya, wanda ke sanar da ita duk wani motsi a ruwa. Sannan Allah ya ba ta wata baiwa: a bayan kanta akwai wata gaɓa mai rassa da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye. Wajen asuba, a ruwan da ciyawa ta yi wa yawa, iskar da kifi ke shaƙa tana raguwa ƙwarai, har ka ga karfasa ta taso sama tana hamma. Tarwaɗa ko a jikinta. Ta leƙo, ta kurɓi iska, ta koma kiwonta. Wannan ƙarar “ɓulum” da mai fatsa ke ji cikin duhu, sau da yawa ita ce.

Ba mu kaɗai muka san fatsar dare a bakin gaɓa ba. A Amurka da Kanada akwai wani kifin tafki da masu fatsa ke fita nema da dare daga gaɓa, don shi ma sai duhu ya shiga yake matsowa ruwa marar zurfi. Bambancinsa da tarwaɗa shi ne ido ne jarinsa, yana da wani shimfiɗi a cikin ido mai mayar da haske. A ruwayenmu giwan ruwa ne mai irin wannan ido.

Tunda ka san tarwaɗa da gashin baki da jin motsi take aiki, sauran dabarar mai sauƙi ce. Je ka ga wurin tun da sauran rana. Duba inda ƙorama ke shiga tafki, ko bakin ciyawa, ko mashayar shanu inda kashinsu ke tara ƙwari. Lura da inda laka ke da santsi da inda gaɓa ta yanke ta faɗa rami, don da dare ba za ka gani ba. In ka dawo, taka a hankali, kada ka yi ta buga ƙafa ko jan bokiti. Tocila kuma a bayanka za ka haska ta lokacin sa abinci a ƙugiya, ba kan ruwa ba.

Abincin ƙugiya ya zama mai wari. Tana ita ce gaba, sai hanjin kaza, sai ƙaramin kwaɗo. A daren da shinge ya fito bayan ruwan farko, ba abin da ya kai shi. Wasu har gutsuren sabulu suke sawa, kuma yana kamawa, ko da yake ni ban ga dalilin ɓarnar sabulu ba ga tana kyauta a bakin rijiya. Ka sa ɗan nauyi ya kai ƙugiyar ƙasa, ba sai ka wurga nesa ba. Ka riƙe zaren tsakanin yatsa biyu. Za ka fara jin ɗan tsinkau-tsinkau, wannan lalube ne, kada ka fizga. Jira har zaren ya miƙe ya fara tafiya, sannan ka ja. In ta fito, kama ta ta bayan kai, ka kiyayi ƙayoyin nan biyu na gefen ƙirji. Wanda kurungu ko tarwaɗa ta taɓa soka ba ya bukatar a maimaita masa. Da hunturu ruwa ya yi sanyi cin nata yana raguwa, bazara da farkon damina su ne kakarta.

Kwaɗon da ya kawo tarwaɗa gaɓa shi ne kuma yake kawo maciji. Don haka a sa takalmin roba mai tsawo, a riƙe sanda, a rufe jiki saboda sauro, kuma kada mutum ya tafi shi kaɗai. A tsaya a tudu. Shiga ruwa cikin duhu ba jarumta ba ce, ga rami, ga kuma tsargiya da ke yaɗuwa a ruwan kwance. Ruwa kuma yana da masu shi, a gaida sarkin ruwa a ji dokar wurin.

Akwai wani dare da ya fi kowane sauƙin kamu, shi ne kuma ya fi kowane ɓarna. In aka yi ruwa mai ƙarfi tafki ya malala kan ciyawa, tarwaɗa kan fito ayari guda don zubar da ƙwai. Mace ɗaya na ɗauke da dubban ƙwai, suna manne wa ciyawa, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu. A wannan hali ko da adda ana sarar su, don ba sa gudu. Wanda ya cika buhu da masu ƙwai a daren, kifin baɗi ya kwashe. Haka mai jan gidan sauro a gaɓa yana tattare 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Mafi muni shi ne mai zuba guba irin su gamalin. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba ko nakiya ko lantarki, kuma wannan ruwan shi shanu ke sha da safe, shi ake kai wa lambu.

Tafkunanmu ba Kogin Kwara ba ne, ba su da inda za su ciko gurbin abin da aka share. Fatsa ɗaya-ɗaya take ɗauka, kuma tana ba ka damar duba abin da ka kama. Matasanmu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, in kun jawo mai cikin ƙwai a farkon damina, ku zare ƙugiya ku mayar da ita ruwa. Sarakunan ruwa da masu unguwanni kuma su sa ido kan masu guba da masu gidan sauro.