Wane Sanyi Ne Ya Isa A Kira Shi Hunturu?

In ka kai Suratu Ƙuraishi a karatu, malam ya riga ya gaya maka cewa mutanen Makka suna da fatauci biyu a shekara, ɗaya zuwa Yaman a lokacin shita'i, ɗaya zuwa Sham a lokacin zafi. Da aka zo fassara kuma sai aka ce maka shita'i shi ne hunturu, ko lokacin ɗari. Fassarar daidai ce, sai dai akwai inda za ta iya ruɗa ka. Kai da ka ji hunturu, abin da zai faɗo maka a rai shi ne hazo da ƙura, da tsagewar leɓe, da kaushi a ƙafa, babu ko ɗigon ruwan sama. Mutumin Sham kuwa a lokacin ne yake samun ruwan shekararsa, tun daga wajen Nuwamba har Afrilu, har ma a bakin mutanen can kalmar shita takan ɗauki ma'anar ruwan saman kansa. Wato hunturunsu shi ne daminarsu. A Makka kuma, a tsakiyar wannan lokaci zafin rana kan kai digiri 30. Je ka gaya wa mutumin Rasha cewa wannan hunturu ne, ka sha dariya.

To na wa ne na gaskiya? Bari mu fara da abin da ke kawo shi.

Yara da yawa, har da manya, suna zaton sanyi na zuwa ne don duniya ta yi nisa da rana. Ba haka ba ne. A farkon Janairu ne ma duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuwa wajen miliyan 152. Asalin abin shi ne duniya a karkace take juyawa, karkata ta kimanin digiri 23 da rabi. A Disamba arewacinta ya kauce wa rana, sai haske ya riƙa zuwa masa a gicciye, yini ya gajarta, dare ya yi tsawo. Kudancinta kuwa a lokacin ne yake shan zafi. Shi ya sa mutanen Afirka ta Kudu suke sanyinsu daga Yuni zuwa Agusta, muna tsakiyar damina. A watan Yuli na 2023 har dusar ƙanƙara ta sauka a birnin Johannasbag.

Iyakar nisanka da tsakiyar duniya, iyakar yadda karkatar nan za ta taɓa ka. A Kano yinin da ya fi gajarta yana da awa 11 da kusan rabi, wanda ya fi tsawo bai kai awa 13 ba. A Landan yinin ƙarshen Disamba bai cika awa 8 ba. A garin Turomso na ƙasar Norwe, daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa sam. Masu azumi a Turai sun san wannan a jikinsu, tunda watanninmu na Musulunci zagaya shekara suke yi. Azumin da aka fara a Disamban 1998, mutanen Landan wajen ƙarfe huɗu na yamma suke shan ruwa. Na 2016 da ya faɗo a Yuni kuwa, sai bayan tara na dare.

Masana ma ba su haɗu a kan ma'auni ɗaya ba. Masu ilmin taurari suna ƙirga hunturun arewa daga 21 ko 22 ga Disamba zuwa wajen 20 ga Maris. Masu hasashen yanayi sun ce Disamba da Janairu da Fabrairu, shi ke nan. Hukumar yanayi ta ƙasar Suwidin kuwa ba ruwanta da kalanda: sai an jera kwana 5 matsakaicin ma'aunin yini bai haura sifiri ba, wato inda ruwa ke daskarewa, sannan za ta ce hunturu ya shigo. Da wannan sharaɗi akwai shekarun da kudancin Suwidin ɗin ma ba ya ganin hunturu, balle Kano ko Damagaram.

In kuma gasar lamba za a yi tsakanin garuruwan da mutane ke zaune, to Sabiriya ta arewacin Rasha ta cinye. A ƙauyen Oimiyakon an auna digiri 67.7 ƙasa da sifiri a Fabrairun 1933. A Yakus, babban birnin yankin, ana kasa kifi a kasuwa a tsaitsaye kamar itacen girki, ba a bukatar firji. Mafi tsananin sanyin da aka taɓa aunawa a doron ƙasa shi ne 89.2 ƙasa da sifiri, a tashar bincike ta Bostok a can ƙuryar kudancin duniya, ranar 21 ga Yuli, 1983. Ka lura da watan. Mu nan fa? A Kano daren Janairu yakan sauka zuwa wajen digiri 13, da rana ya koma kusan 30. Jos ta fi mu ji saboda tudu, a kan duwatsun Azbin kuma akan sami daren da ruwa ke daskarewa.

Ni dai a ganina lamba kaɗai ba ta yanke wannan shari'a, kuma ga dalili. Wani bincike da aka buga a 2003 ya kwatanta ƙasashen Turai, ya tarar yawan mace-macen da ke ƙaruwa a lokacin sanyi ya fi tsanani a Fotugal, ƙasa mai sauƙin sanyi, a kan Finlan mai ƙanƙara. Mutumin Finlan ya gina gidansa don sanyi, bango mai kauri, taga mai gilashi ninki-ninki, ga na'urar ɗumama ɗaki. Na Fotugal kuwa don zafi ya yi nasa ginin, sai sanyi kaɗan ya same shi ba shiri. Ashe abin dubawa shi ne yadda sanyin ya tarar da mutum, da gidansa, da suturarsa.

Dubi namu yanzu. Bahaushe ya raba sanyi da ɗari: sanyi shi ne mai laima irin na bayan ruwa, ɗari shi ne busasshe wanda iskar arewa maso gabas ke kawowa daga Sahara, ɗauke da ƙura, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Hazon nan yana tare rana da safe. Da dare kuma, da yake iska a bushe take, babu gajimaren da zai riƙe ɗumin ƙasa, sai ya tsere sama. Shi ya sa ruwan randa ke cizon hannu a alwalar asuba, da azahar kuma ka nemi inuwa. Dakunan kakanninmu na ƙasa masu rufin soro sun fi iya wannan hawa da sauka, don katangar ƙasa tana shan zafin rana ta sake shi da dare. Ginin bulo mai rufin kwano kuwa, da rana tanda, da dare randa.

Wani bambancin kuma, hunturun Turai yana tsayar da noma cak, namu buɗe shi yake yi. Alkamar Kadawa ba ta yi sai da ɗari, haka tumatir da albasar fadama suke samun yadda suke so.

Digiri 13 ba komai ba ne ga mai bargo biyu. Ga almajirin da ke kwana a zaure kan tabarma da riga ɗaya, da jariri, da tsoho mai tari, hunturu ne cikakke, kuma a lokacin ne mura da ciwon haƙarƙari ke yawaita. In akwai rigar sanyin da ta yi maka kaɗan, ka san wanda za ka ba. Sannan in ka ga an shiga da kaskon garwashi ɗaki za a rufe ƙofa da taga a kwanta, ka yi magana ko da babba ne, cikin ladabi. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ba ya jin shigarta. A ɗumama ɗaki ƙofa na buɗe, sannan a fitar da kaskon waje a kashe wutar kafin a kwanta.