Hancin Sauro da Ɗan Ƙudan da Ya Tona Asirinsa

A Boɗinga da Shagari, da zarar damina ta kankama, hirar tsakar gida ba ta rasa zancen sauro. Yara uku za su kwana a tabarma ɗaya, gari ya waye ƙafafun ɗaya sun yi rudu-rudu, sauran biyun ko ɗigo babu. Sai uwa ta ce, "Wannan jininsa zaƙi gare shi." Abin da ta gani gaskiya ne, sauro yana zaɓe. Sai dai ba ɗanɗanon jini yake bi ba, don kafin ya kai ga jinin ya riga ya zaɓi wanda zai sauka a kansa. Wari yake bi. Kuma akasarin abin da aka sani yau game da hancinsa, a jikin wani ɗan ƙuda aka fara gano shi.

Kowa ya san ƙudan, ko da bai taɓa kula shi ba. Shi ne ɗan mitsitsin nan mai jajayen idanu, tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, da ke tashi idan aka taɓa kwandon tumatirin da ya fara lugubgubcewa ko tarin ɓawon mangwaro. Masana na kiransa Dirosofila. Ɗan asalin Afirka ne. A 2018 masu bincike daga Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suka bi sawun na daji a Zimbabuwe, suka tarar abin da ya fi so shi ne nunu, ɗan itacen danya, wadda mu ma muke da ita a dazukanmu. Daga ƙwai zuwa balaga kwana 10 ne ko kusa, macen na zuba ɗaruruwan ƙwai, abincinsa kuma ɗan kunun masara da sukari da yis a gindin kwalba. Shi ya sa a shekara guda mai bincike zai ga jikoki da tattaɓa kunnen da in a saniya ne sai ya tsufa bai gani ba.

A 1910, a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, Thomas Hunt Morgan ya ga namiji ɗaya mai farin ido a cikin jajaye, ya bi zuriyarsa har ya nuna inda ƙwayoyin gado suke zaune a jiki. Launin ido kowa zai yarda gado ne. Amma hali fa? A 1971 Seymour Benzer da ɗalibinsa Ronald Konopka suka sami ƙudaje iri uku: wasu yini da darensu awa 19 ne, wasu awa 28, wasu kuwa barcinsu da farkawarsu ba su da lokaci sam. Duka ukun ƙwayar gado ɗaya ce ta taɓu. Waɗanda suka ƙarasa wannan aiki sun karɓi kyautar Nobel a 2017. Sauron maleriya ma da irin wannan agogo a jikinsa yake sanin dare ya yi.

Hancin ƙwaro yana kan 'yan ƙahonin nan biyu na goshinsa, masu lulluɓe da gashi siriri. A cikin kowane gashi akwai jijiyoyi, a bakin kowace jijiya akwai makamar wari. Kwaɗo ne da mabuɗi: kowace makama da irin warin da ke buɗe ta, in ta buɗe sai saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. A 1999 aka gano ƙwayoyin gadon da ke ƙera waɗannan makamai a Dirosofila, kimanin 60. A 2004 Leslie Vosshall da abokan aikinta a Jami'ar Rockefeller suka nuna akwai guda ɗaya, wadda yanzu ake kira Orco, da in babu ita sauran 'yan gidansu duk ba sa aiki. A 2007 kuma aka gano guda biyu da ke jin iskar da muke fitarwa idan mun numfasa. Da aka duba sauro, sai ga 'yan uwansu duka a jikinsa.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na John Carlson a Jami'ar Yale. Suna da wani ƙuda da jijiyar warinsa guda ba ta da makama, fanko ce. Sai suka riƙa ɗauko ƙwayar gadon sauron maleriya suna dasawa a wannan gurbi, ɗaya bayan ɗaya, suna soka siririyar waya a gindin gashin, suna hura wari, suna ƙirga bugun jijiyar. A rahotonsu na 2010, makamai 50 suka gwada da wari iri 110, suka ga wasu an ƙera su daidai da abubuwan da ke cikin zufar ɗan Adam. Ƙudan tumatir ya ara wa masana goshinsa, suka ji duniya da hancin sauro.

Daga nan aka sa rai cewa in an toshe hancin, an gama. A 2013 aka kashe Orco a jikin sauron da ke kawo shawara da zazzaɓin dengi. Ya daina bambance mutum da dabba sosai, warin maganin shafawa na DEET ma ya daina korarsa daga nesa. Amma muddin ya ji numfashi, sai ya iso ya yi cizo. A 2022 aka gano dalili: jijiya ɗaya a sauro takan ɗauki makamai iri-iri, saɓanin abin da aka daɗe ana zato, don haka in an rufe ƙofa ɗaya yana da wata. Ga numfashi, ga ɗumin jiki, ga tsamin fata. A wannan shekarar ce kuma aka nuna mutanen da sauro ya fi bi suna da yawan wasu sinadarai masu tsami a maiƙon fatarsu, kuma haka suke zama shekara da shekaru. Duk mai tallan turare ko garin magani da ya ce maka ka ajiye gidan sauro, bai san wannan halitta ba.

Abu biyu daga wannan fanni sun shafi kowane gida a Danchadi, Sifawa ko ƙauyukan bakin madatsar ruwan Shagari. A Gambiya, a 2000, an ga mace mai juna biyu tana jawo sauron maleriya ninki biyu na wadda ba ta da ciki, saboda yawan numfashi da ɗumin jiki. A Kenya, a 2005, an ga yaron da ƙwayar cutar ta kai matakin yaɗuwa a jininsa shi ma yana jawo kusan ninki biyu. Wato cutar da kanta take kiran sauron da zai ɗauke ta zuwa ɗakin maƙwabci. To in gidan sauro bai wadata ba, an san waɗanda za a fara sakawa ciki. Ba ƙaramin zance ba ne a jihar Sakkwato, inda binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar maleriya a jinin kusan yaro ɗaya cikin uku 'yan ƙasa da shekara 5, a ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu cutar a duniya.

Aikin nan bai fi ƙarfinmu ba. Dakta Sulaiman Ibrahim na Jami'ar Bayero, tare da abokan aiki a Libaful ta Ingila, ya dasa ƙwayoyin gadon sauro a jikin Dirosofila, ya tabbatar su ne ke narkar da maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi. A Sakkwato ma, cibiyar CAMRET ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana kiwon waɗannan ƙudaje, ana binciken abinci da cututtukan jiki da su. Abin da nake fata shi ne a juya wani ɓangare na wannan ƙwarewa zuwa hancin sauron da ke cizonmu.

Tambayoyin suna nan a tsakar gidajenmu. Mutanen karkara na kwana da shanu da tumaki a kusa. Akwai jinsin sauron maleriya da ya fi son mutum, akwai wanda kan karkata ga dabba ya kuma yi cizo a waje. Wanne ya fi yawa a fadamun Shagari lokacin noman rani, garke kuma janye shi yake yi daga ɗaki ko kiransa yake yi? Iyayenmu mata na turara ganyen dogon yaro da ɗoɗɗoya da busasshen ɓawon lemo da magariba. Wanne ne a ciki yake taɓa makaman wari da gaske, awa nawa yake yi kafin ya sake? Tsutsar sauron tana cikin kududdufan da aka haƙa don yin tubali a bayan gari, ɗalibai 'yan yankin suna jami'a, ɗakin kiwon ƙudan kuma tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce a mota daga Boɗinga.