Babban Layi Ya Wuce, Ƙauyukan Gwandu Na Jiran Rabonsu

Wutar da ke haska unguwanni da dama a Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, ta Jihar Kebbi take tsallaka iyaka. Tana tasowa daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, ta biyo babban layi mai tsawon kimanin kilomita 300 har tashar wuta ta Birnin Kebbi. Daga nan wani layi da aka ja a 1976 ya kwashe ta, ya bi ta Dosso ya dire a Yamai. Mutumin Masama a ƙaramar hukumar Gwandu, ko manomin da ke ƙauyukan Kalgo, ya fi mutumin Yamai kusa da wannan tasha nesa ba kusa ba. Sai dai kusanci kaɗai ba ya kawo wuta gida, kuma akwai dalili.

Wutar da ke kan manyan turakun ƙarfen layin Kainji ƙarfinta ya kai bolt 330,000. Da gangan ake ɗaga ta haka, domin in an tura wuta tafiya mai nisa da ƙaramin ƙarfi, waya na ɗaukar zafi, wutar ta yi ta zurarewa a hanya. Ƙwan fitilar ɗaki kuwa bolt 230 yake buƙata. Saboda haka dole a yi ta sauke ta mataki-mataki: daga 330,000 zuwa 132,000, daga nan zuwa 33,000 wadda ake turawa garuruwa, sannan taransifomar da ke bakin kasuwa ko bayan makarantar firamare ta mai da ita yadda gida zai iya ɗauka. Kowane mataki da kayan aikinsa da kuɗinsa, kuma da mai shi. Manyan layuka na hannun kamfanin gwamnatin tarayya mai dakon wuta, TCN. Ƙananan layuka da taransifomomin gari kuwa, tun da aka miƙa harkar rarraba wutar yankin ga 'yan kasuwa a Disambar 2014, sun koma hannun kamfanin Kaduna Electric, wanda ke riƙe da jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara.

A wannan mataki na ƙarshe ƙauye ke shan wahala. Layin da ya ratsa daji mai nisa ya fi saurin lalacewa: iskar farkon damina ta kayar da fal-waya, ko taransifoma ta ƙone, ko ɓarayi su kwance waya. Kuɗin da kamfani ke tarawa a ƙauye kuma bai taka kara ya karya ba, don haka gyara yakan yi jinkiri. A garuruwa da yawa na arewa mutanen gari ne ke yin karo-karo su sayi man taransifoma ko su biya masu gyara, abin da a ƙa'ida ba nauyinsu ba ne. Tsarin farashin da aka shigo da shi a Afrilun 2024 ya ƙara fito da bambancin fili, domin layukan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana a kan farashi mai tsada, galibinsu na cikin birane ne. Idan wuta ta yi ƙaranci, an san inda za a fara ragewa.

Sai kuma matsalar da ta shafi birni da ƙauye baki ɗaya. Yankin ya daɗe yana rataye da layi guda daga Kainji. A Satumbar 2023 gobara ta tashi a tashar Birnin Kebbi ta cinye manyan taransifomomi, sai Kebbi da Sakkwato da wani sashe na Zamfara suka faɗa duhu lokaci ɗaya. Masu injin niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara duk suka koma kan janareto, a daidai lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 bayan cire tallafi a ƙarshen Mayun wannan shekarar. Manoman rani a fadamun Kebbi, waɗanda injin ban-ruwansu fetur yake sha, sun ji a jikinsu fiye da kowa. Ba mamaki da aka ga faifan sola ya fara bayyana a gonaki da kan rufin shagunan cajin waya.

Me ya sa Najeriya ke sayar wa Nijar wuta alhali ita ma ba ta ƙoshi ba? Jami'an Najeriya sun sha bayyana cewa batun ruwa ne. Kogin Kwara ta Nijar yake biyowa kafin ya shigo Kebbi ya zuba a Kainji, kuma idan aka datse shi a sama, injinan Kainji da Jebba za su rasa abin juya su. Aka fahimci juna: ku bar ruwa ya gangaro, mu ba ku wuta. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa. Da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta katse layin Birnin Kebbi, ta kuma rufe iyaka. Sai a Maris 2024 aka ba da umarnin buɗewa da mayar da wuta. Nijar dai ta daɗe da soma gina tata madatsar a Kandaji, kuma watannin nan na duhu sun ƙara mata hujjar neman tsayawa da ƙafarta.

Labarin hanya ma haka yake tafiya. Ƙasar Gwandu ta san fatauci tun kafin a shata iyakokin yau. Lokacin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da magadansa ke kula da yammacin daular Usmaniyya daga Gwandu, ikonsu ya kai har Say da Liptako, inda yanzu suke cikin Nijar da Burkina Faso. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja neman goro suna yada zango a Jega, gishirin Foga na shigowa daga wajen Gaya, kuma ta Gwandu matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya bi a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu. Yau tirela ce ta maye gurbin jaki da raƙumi, tana bin titin Kalgo zuwa Bunza har Kamba da ke bakin iyaka, inda daga can Gaya ta Nijar da Malanbil na Jamhuriyar Benin ke kusa. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Kebbi ba. Layin dogo na Turawa a Ƙaura Namoda ya tsaya. Duk wani buhun shinkafa ko albasar Aliero da kewaye, a kan taya yake fita.

Shi ya sa rufe iyaka ke zama babban al'amari a nan. A Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu don daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa, a Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Da aka buɗe wasu iyakokin a Disambar 2020, Illela na ciki amma Kamba ba ta ciki, sai a Afrilun 2022 aka sake ta. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka takunkumin Nijar ya sake garƙame ta. Manomin shinkafa ya ɗan ga alheri a rufewar farko domin farashi ya tashi. Amma direba da ɗan dako da mai sayar da abinci a tasha sun zauna ba aiki, dangin da iyaka ta raba suka koma bin ɓarauniyar hanya a kan babur don zuwa biki ko ta'aziyya, shingayen jami'an tsaro kuma suka ƙaru a kan titi, kowanne da abin da yake ɗorawa a kan kuɗin mota.

Ko iyaka na buɗe, kayan gona sai sun kai bakin kwalta tukuna. Hanyar burji da ke haɗa ƙauye da babban titi, wadda kwalbati ɗaya in ya karye a watan Agusta sai a koma amalanke da babur, ita ke yanke nawa manomi zai samu a buhu. Dillalin da ya sha wahalar shigowa, daga farashin manomi yake cire kuɗin wahalarsa. Ambaliyar 2020, wadda ta shanye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, ta kuma yanke hanyoyi da gadoji, ta nuna yadda garuruwa ke zama saniyar ware cikin dare ɗaya. Mai naƙuda da ke buƙatar asibitin Birnin Kebbi ita ma wannan hanyar za ta bi.

Akwai manyan ayyuka biyu a gaba. Ɗaya shi ne sabon layin bolt 330,000 na haɗakar wutar Afirka ta Yamma, mai tsawon fiye da kilomita 800, wanda zai tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Malanbil. Ɗayan shi ne titin Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068 da aka ƙaddamar a 2024, wanda babban kaso nasa zai ratsa Kebbi. Dukansu abin maraba ne, sai dai dukansu na dogon zango ne, kuma ba su da reshen da zai shiga Masama da kansa. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu, hanyoyin karkara kuwa dama can aikin jiha da ƙananan hukumomi ne. Ya kamata gwamnatin Kebbi da majalisun Gwandu da Kalgo su ware kuɗi a kasafinsu don taransifomomin ƙauye, ƙananan tashoshin sola na asibitoci da fadamu, da kwalbatocin hanyoyin da za su haɗa gonaki da sabon titin, tun kafin a gama zuba masa kankare.