Uwargida, Kin Duba Cikin Barkononki Kuwa?

Yau na ajiye zancen masoya a gefe, kicin za mu leƙa, domin akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da busasshen barkono.

Da damina ta kankama, buhun barkonon da aka jibge a ƙasa mai laima sai ya fara fumfuna daga ciki. Waje ki gan shi jawur abin sha'awa, ki karya ki tarar da baƙi ko toka-toka. To wasu marasa tsoron Allah ba sa zubarwa, inji suke kai shi a niƙa a cakuɗa da mai kyau, a ƙulla a leda. Wannan fumfunar tana haifar da wata guba, aflatoksin, wadda tafasar miya ba ta kashe ta. A hankali take cin hanta, har takan jawo ciwon daji. A 2004 irin wannan gubar a cikin masara ta kashe mutum 125 a Kenya.

Sai kuma batun rini. A 2005 hukumomin Ingila sun kwashe kayan abinci sama da iri 500 daga kantuna, saboda an sami rinin Sudan 1 a garin barkonon da aka yi amfani da shi. Sunan ne kawai fa, babu ruwan ƙasar Sudan. Rini ne da ake sawa a man goge takalmi, jama'a!

Mu a nan muna da NAFDAC tun 1993, kuma tana da ikon kama gurɓataccen abinci ta lalata shi. Sai dai idonta ya fi kai wa kan kayan kamfani masu lamba, barkonon mudu kuwa wa ya ba shi lamba? Ni a ganina duba-gari ya kamata a dawo musu da ƙarfinsu, irin wanda kakanninmu ke ba da labari, su riƙa shiga rumbuna da wuraren niƙa suna farka buhu.

Kafin nan, uwargida, sayi wanda ba a niƙa ba. Karya biyu ko uku a gaban mai shi, ki shinshina, in kin ji bashi-bashi ki ƙara gaba ko da ya yi miki ragi. A gida ki tsince, ki shanya a kan tabarma har sai ya yi ƙaras-ƙaras, ki daka daidai na sati biyu, sauran ki rufe a roba mai murfi nesa da randa.