Hutun mako guda: ladan wanda ya zo na ɗaya a ƙwallon Amurka

Masu zuwa gidajen kallon ƙwallo a Yelwa da Wara da Shanga sun ga sauyin da aka yi wa Gasar Zakarun Turai a kakar 2024/25. Ƙungiyoyi 36 a teburi ɗaya, takwas na sama su wuce kai tsaye zagayen 'yan 16, daga na 9 zuwa na 24 kuma sai sun sake karawa kafin su bi su. Wannan dabara ta hutar da na gaba tsohuwa ce a gasar NFL ta Amurka, ƙwallon nan mai siffar ƙwai da ake ruga da ita a hannu, wadda Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya yi suna a cikinta. A ganina hutun halal ne. Inda tsarin ya karkace wani wuri ne dabam.

Ƙungiyoyin NFL 32 ne, an raba su ɓangare biyu, AFC da NFC, kowane ɓangare da rukuni huɗu na ƙungiyoyi hurhuɗu. Kowa na buga wasa 17 a kaka. Tun daga 2020, bakwai ne ke fitowa daga kowane ɓangare zuwa zagayen sili-ɗaya-ƙwale: zakarun rukunan huɗu su karɓi lamba 1 zuwa 4, sai uku mafi kyawun sakamako cikin ragowar su karɓi 5 zuwa 7. A makon farko 2 ta kara da 7, 3 da 6, 4 da 5, kuma mai matsayin sama ce ke karɓar baƙunci. Lamba 1 kaɗai ke zaune tana kallo. Idan ta dawo, ana haɗa ta da mai matsayi mafi ƙasa cikin waɗanda suka tsira, kuma ba ta barin gidanta sai wasan ƙarshe, Super Bowl.

Wasa ne na karo da kayar da juna, ana kai ƙarshen kaka da targaɗe da tsagewar ƙashi, don haka mako guda na jinya ba ƙaramar riba ba ce. Ga kuma lissafi: mai hutu wasa biyu za ta ci ta kai Super Bowl, sauran sai uku, kuma kowane wasa ƙofar fita ce. Daga kakar 2013 zuwa 2019, lokacin da lamba 1 da 2 duk ke hutawa, dukkan ƙungiyoyi 14 da suka buga wasan ƙarshe masu hutu ne. Ba don wannan lada ba, ƙungiyar da ta tabbatar da gurbinta tun farkon Disamba sai ta ajiye manyan 'yan wasanta, wasannin ƙarshen kaka su zama na jeka-na-yi-ka.

Masu suka na cewa hutu na sanyaya jiki, wanda ya zauna yakan dawo da nauyin ƙafa. Suna da abin nunawa. A kakar 2021 Tennessee Titans da Green Bay Packers, masu lamba 1 duka, an fitar da su a wasansu na farko. A kakar 2024 Detroit Lions ta ci wasa 15, ta huta, Washington ta zo har gida ta doke ta 45 da 31. A Turai ma Liverpool ta zo ta ɗaya a teburi, PSG ta 15 ta kore ta a bugun fenareti. Sai dai wasa ɗaya ba ya zama hujja, domin a sili-ɗaya-ƙwale ko gwani na iya faɗuwa rana guda, da hutu ko babu. A kakar 2022 masu lamba 1 ɗin ne, Kansas City da Philadelphia, suka haɗu a Super Bowl. Kuma har gobe kociyoyi na kashe kansu kan neman hutun nan da ake cewa yana cutarwa.

Rashin adalcin yana cikin rabon lamba. Zakaran rukuni, komai rauninsa, yana gaban wanda ya fi shi cin wasa a wani rukunin. A kakar 2010 Seattle ta ci 7 ta sha kashi 9, amma ita ta karɓi baƙuncin New Orleans mai nasara 11, ta kuma fitar da ita 41 da 36. A 2024 Minnesota ta ci wasa 14, aka ba ta lamba 5 saboda kawai rukuninsu ɗaya da Detroit. Masu kare tsarin na cewa shi ke raya hamayyar maƙwabta, tunda 'yan rukuni na haɗuwa sau biyu a kaka. Gaskiya ne, amma gurbi ya ishi zakaran rukuni lada, ba sai an haɗa masa da wasa a gida ba. Detroit ɗin kanta ta kai shawarar a riƙa jera lambobi bisa yawan nasara a 2025, daga baya ta janye ta ba a kaɗa ƙuri'a ba.