Injin Gingimari: Sana'ar da Ke Neman Magada

Duk wanda ya saba bin hanyar Kwanar Huguma zuwa Dutse, ko ya leƙa kasuwannin Shuwarin da Sara da Gujungu a lokacin kaka, ya san tsohuwar gingimarin nan ta Marsandi mai gajeren hanci da bodin katako, wadda aka fi sani da 911. Ita ke kwaso gero da riɗi da gyaɗa daga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba. Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun girmi Jihar Jigawa kanta, wadda aka ƙirƙiro a 1991.

Kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya fara ƙera wannan samfuri a 1959. Mai jan ƙafa huɗu daga cikinsu, wato LA 911, sojoji da 'yan kwana-kwana na ƙasashe da dama sun more ta, daga baya gwanjo ya fito da wasu zuwa hannun 'yan kasuwa. A nan gida kuma, masana'antar ANAMMCO ta Inugu ta fara harhaɗa manyan motocin Marsandi a farkon shekarun 1980, a zamanin da ake da Steyr a Bauchi, da Leyland a Ibadan, da masu haɗa Fiat a Kano.

Sirrin daɗewarta yana cikin injinta, OM 352, wanda ya fito a 1964: silinda shida a jere, mai shan man gas, girmansa lita 5.7. Babu kwamfuta a cikinsa, babu wata na'urar da sai an kira injiniya daga waje. Kunne da hannu da sifana sun isa.

Kwanakin baya na yi yini biyu a wani gareji a Dutse ina kallon yadda ake tashin irin wannan inji. Motar tana da sauran koren fenti a ƙarƙashin shuɗin da aka shafa mata, mai ita kuma ya ce asalinta ta soja ce. Bakaniken, dattijo mai furfura, bai taɓa sifana ba sai da ya sa aka tayar da ita ya dubi hayaƙi. Shuɗi, in ji shi, baƙin mai ne ke ƙonewa, ringi ya cinye ke nan. Baƙi kuwa gas ne ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sai a tuhumi nozul ko matatar iska, wadda ƙurar hunturu ba ta raga mata. Na wannan motar shuɗi ne.

Aka sauke inji, aka wanke kowane ƙarfe da kananzir, aka jera a kan buhu bi da bi. Karanshaf ya zaizaye, don haka aka aika da shi Kano a goge shi, a sayo metal daidai da sabon awonsa. Ramukan silinda ma aka faɗaɗa su, aka nemo fistin mai ɗan kauri. Famfon gas kuwa, dattijon bai yarda kowa ya buɗe shi a cikin ƙura ba. Akwai masu wannan aiki daban, kuma ya ce gas ɗin da aka gauraya da kananzir shi ne ajalinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗaurin kan inji: daga tsakiya ake farawa a yi waje, a zagaya sau da yawa ana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi gaggawa a nan, gaskit zai ƙone kafin motar ta kai Kiyawa.

Damuwata biyu ce. Ta farko kayan gyara. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, na asali ya yi tsadar da mai mota ke komawa ga jabu, ko ga na hannu daga Ƙofar Ruwa, kwali iri ɗaya, ƙarfe daban. Bakanike ya yi aikin sati biyu, ringin banza ya rushe shi cikin wata uku, laifi kuma ya hau kansa. Mafi muni, wanda kuɗinsa suka ƙare a inji yakan ce birki ya jira wani zuwan, alhali motar za ta ɗauko buhuna da mutane a samansu.

Ta biyu ta fi ci mini rai. Yara biyu kacal na gani a gaban dattijon, kuma ya ce mini, "Malam, babban cikinsu ma Keke Napep yake nema." Ban ga laifin yaron ba: koyon wannan aiki shekaru yake ci, ciki kuwa ba ya jira. Amma abin da ke kan wannan dattijo ba a rubuce yake ba, da Hausa balle da wani harshe.

A ganina, makarantun koyon sana'a na jihar nan, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Dutse, ya dace su sayi irin waɗannan injuna da aka yasar, su ɗauko dattawan gareji a biya su su koyar, a kuma ba almajiransu takardar shaida da ɗan alawus. Wanda ya iya warware OM 352 ya mayar, tarakta da injin ban-ruwa na fadamar Haɗeja ba za su gagare shi ba, domin duk aikin gas ɗaya ne.